Yadda zaka gane alaƙar tantanin sel da girman ciwon daji, wato kansa, da biro da takarda ɗaya

Ƙannena masu karanta bayokemistiri, likitanci, famasi, nas da 'yan lab, wannan rubutun naku ne, amma duk wanda ya yi bayoloji a sakandare kuma yana da haƙuri zai iya bi. Abinda ke wahalar da mutane a wannan babin shine yanda ake rarraba shi. Tantanin sel a koyar da kai shi a aji ɗaya, yanda jiki ke haɗa kitse a wani zangon daban, ciwon daji kuma sai can gaba idan an shiga fatoloji, to kafin ka iso nan ka manta na farkon, sai ka koma hadda, sunayen enzayim barkatai a kai babu wanda ya san inda ɗan'uwansa yake. Alhali kuwa labari ɗaya ne. Shawarata ka ajiye haddar tukunna, ka samo babbar takarda da biro kala biyu ko uku, ka bi ƙwayar kabon guda ɗaya tun daga shigarta sel tana sukari har ta ƙare a jikin tantani tana kitse. Duk abinda zan faɗa a ƙasa akan takardar nan zaka ɗora shi, kuma sunayen ka rubuta su yanda suke a littafinku saboda jarabawa, ni a nan yanda muke furta su zan rubuta.

Fara da tambayar da ta haifi komai

Sel ɗaya zai zama biyu. Kowa yana tuna cewa sai an kwafi DNA, amma kaɗan ne ke tambaya ina za a samo tantanin da zai lulluɓe na biyun. Kamar gidan gado ne da za a raba wa 'yan'uwa biyu, dole sai an sayi bulo da siminti an ja sabuwar katanga kafin kowa ya ce ga gidansa. Sel mai lafiya da ya gama girma ya zauna gyare-gyare kawai yake yi, shi kuwa sel ɗin ciwon kansa rabuwa yake ba tsayawa, kenan duk zagaye ɗaya sai ya ninka tantaninsa gaba ɗaya.

Kuma kar ka ɗauka tantanin waje kaɗai ake nufi. A sel ɗin hanta misali, na wajen kusan kashi 2 cikin 100 ne kacal na duk tantanin da ke cikinsa, sauran duk a ciki suke, na ER wato endofilazmik retikulum, na mitokondiriya, na Golgi, da wanda ya zagaye nukiliya. Shi na wajen ma kaɗai, a ƙaramin sel ɗin dabba, ƙwayoyin kitsen da ke jikinsa sun kai wajen biliyan 1. Rubuta wannan a saman takardarka da jan biro: sel mai rabuwa kullum yana neman kitse. Daga nan duk enzayim ɗin da ka haɗu da shi ka tambaye shi, kai me kake kawowa wajen wannan buƙatar.

Zana tantanin, amma ka zana shi daidai

Zana babban da'ira mai layi biyu. Layi biyun nan tun 1925 Gorter da Grendel a ƙasar Holan suka gano shi da jajayen ƙwayoyin jini, sannan a 1972 Singer da Nicolson a Amurka suka kawo bayanin da ake koyarwa har yau, cewa tantanin ruwa-ruwa ne, furotin suna yawo a cikinsa. Kaurinsa bai wuce nanomita 5 zuwa 10 ba.

A gefe ka zana fosfolifid guda ɗaya babba: kai mai son ruwa, giliserol a tsakiya, jela biyu masu gudun ruwa. Jela ɗaya ka yi ta miƙaƙƙiya, ɗayar ka lanƙwasa ta, dan wannan lanƙwasar zata dawo mana can gaba kuma tana da muhimmanci sosai. Tsakanin jelolin ka sa kolesterol. Yanzu kaga abu huɗu ake buƙata, jela, giliserol, kai, da kolesterol, kowanne da hanyar da yake fitowa.

Abu ɗaya da ɗalibai ke tsallakewa shine layin waje da na ciki ba iri ɗaya bane. Fosfatidilkolin, wato PC, da isfingomayelin sun fi yawa a waje. Fosfatidilserin, wato PS, da fosfatidilinositol a ciki suke, kuma sel yana kashe ATP wajen mayar da PS ciki duk sanda ya fita. Idan sel zai mutu sai PS ya bayyana a waje, makarofaj, ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiya, su gani su haɗiye shi, wannan ne ma abinda Annexin V yake kamawa a gwajin lab. Yawancin ƙwayoyin kansa kuma suna cika fuskarsu da furotin CD47, wanda saƙonsa ga makarofaj shine kar ka taɓa ni. Sa su a zanen ka wuce.

Bi sukarin har ya zama jela

Nan ne ya kamata ka daɗe. Zana ƙofa a jikin tantanin ka rubuta GLUT1, ta nan gulukos ke shiga, kuma kansa da yawa suna ƙara yawan ƙofofin nan. Yana shiga hekzokainez ya liƙa masa fosfet ya kasa fita. Daga nan gilaikolisis har zuwa fayirubet, ba sai ka rubuta duk matakan goma ba, kibiya ɗaya ta isa, amma ka fitar da reshe biyu a gefe tun yanzu. Reshe na farko daga gulukos-6-fosfet zuwa hanyar fentos fosfet, inda G6PD yake, wannan enzayim ɗin da muka saba jin ƙarancinsa a wajen yara maza a ƙasarmu, shine mai bada NADPH. Reshe na biyu daga DHAP, wani sinadari a tsakiyar gilaikolisis, zuwa giliserol-3-fosfet, to ga giliserol ɗinka na fosfolifid ya fito, ja kibiya zuwa zanen da ka yi a gefe.

A shekarun 1920 Otto Warburg a Balin ta Jamus ya lura cewa ƙari na kansa yana shan gulukos da yawa yana fitar da laktet ko da akwai iskar oksijin isasshiya. Abin ya ɗaure kai, saboda ta wannan hanyar ATP 2 kawai ake samu daga gulukos ɗaya, alhali idan an ƙona shi gaba ɗaya a mitokondiriya ana samun wajen 30 zuwa 32. Shi Warburg ya ɗauka mitokondiriyar ce ta lalace, kuma har yanzu akwai masu maimaita wannan a hanawut, dan Allah kar ka rubuta haka a jarabawa, a yawancin kansa mitokondiriya tana aiki. Amsar da tafi gamsarwa itace idan ka ƙona gulukos duka, kabon ɗinsa ya tafi a iska ya zama CO2, shi kuwa sel mai rabuwa kabon ɗin yake so ya riƙe ya yi gini da shi. Gudun gilaikolisis da ƙarfi yana sa rassan nan na gefe su cika.

Laktet ɗin da ya taru kuma ta tantani yake fita, ta ƙofar MCT4, tare da asid. Shi yasa ruwan da ke kewaye da ƙari yake tsami, pH ɗinsa kan sauka wajen 6.5 zuwa 6.9 maimakon 7.4, kuma tsamin nan yana raunana ƙwayoyin garkuwar jiki yana taimaka wa kansar ta ci naman da ke kusa da ita.

Yanzu koma kan fayirubet ɗin da ya shiga mitokondiriya. Ya zama asitil-CoA, ya haɗu da okzaloasitet, ya zama sitiret. A sel na yau da kullum sitiret zagayen Krebs yake ci gaba, amma nan sai a fito da wani kaso nasa waje cikin saitofilazim. Daga nan enzayim uku ne a jere kuma su ne ƙashin bayan babin: ACLY ya fasa sitiret ya fitar da asitil-CoA, ACC ya mayar da shi malonil-CoA, FASN kuma ya riƙa ɗora kabon bibbiyu har a samu falmitet mai kabon 16. Kaga da mitokondiriya ta mutu da babu sitiret ɗin ma.

Ka zauna ka yi lissafin nan da hannunka sau ɗaya, wallahi ba zaka ƙara mantawa ba. Falmitet ɗaya yana cin asitil-CoA 8, ATP 7, da NADPH 14. Gulukos ɗaya yana bada asitil-CoA 2, kenan gulukos 4 dan kabon kawai. Idan NADPH ɗin ta hanyar G6PD zai fito, gulukos ɗaya 2 yake bayarwa, kenan sai 7 sun bi ta wajen. ATP 7 ɗin kuwa ko rabin abinda gulukos ɗaya ke bayarwa a mitokondiriya bai kai ba. Wato abinda ke ƙaranci wajen ƙera jela kabon ne da NADPH, ATP mai sauƙi ne. Kuma wannan jela ɗaya kenan, kowane fosfolifid biyu yake da su, ka tuna da biliyan ɗin nan na sama.

A jikin babban mutum mai lafiya hanta, kitsen jiki, da mama lokacin shayarwa su ne manyan masu ƙera kitse daga tushe, sauran sel yawanci daga jini suke ɗauka. Tun 1953 Grace Medes da abokan aikinta a Filadelfiya suka nuna ƙari yana ƙera nasa, sannan a 1994 Francis Kuhajda a Johns Hopkins ya gano cewa wani furotin da ake ganin yawansa a kansar mama mai tsanani ashe FASN ne. Daga baya aka ga haka a kansar mafitsara ta maza wato furostet, da ta hanji, da ta ƙwan mace da sauransu.

Saura lanƙwasar jela. Falmitet miƙaƙƙe ne, idan ya yi yawa tantani ya sandare, ER ya shiga damuwa, sel ma zai iya mutuwa. SCD1 ne ke saka lanƙwasa ɗaya, ya mayar da isterik, wato falmitet da aka ƙara wa kabon biyu, ya zama oliyik. Rubuta a gefensa cewa SCD1 sai da oksijin yake aiki, zamu dawo kai. Kolesterol kuma daga wannan asitil-CoA ɗin yake fitowa ta hanyar mebalonet, enzayim ɗinsa HMGCR, wanda magungunan istatin ke toshewa. Ja wannan reshen shima, ka rubuta fanesil a tsakiyar hanyar.

Kan fosfolifid, da dalilin da yasa na'ura ke iya ganinsa

PC shine mafi yawa, kusan rabin fosfolifid ɗin sel. Hanyar haɗa shi Eugene Kennedy da Samuel Weiss suka bayyana ta a 1956, shi yasa ake ce mata hanyar Kennedy, kuma matakai uku ce kawai: kolin ya shigo, kolin kainez ya sa masa fosfet ya zama fosfokolin, CCT ya mayar da shi CDP-kolin, sannan a liƙa shi akan giliserol mai jela biyu. Matakin CCT shine mai jan ƙafa, idan aka tambaye ka wanne ke iyakance gudu shi zaka ce. A kansar mama, furostet da huhu ana yawan ganin kolin kainez alfa ya ƙaru, fosfokolin ya taru a sel.

Ni wannan wurin ne yafi burge ni, saboda nan ne abinda ka zana a takarda yake fitowa a asibiti. Akwai gwajin da ake yi da injin MRI mai suna MRS, maimakon hoto sai ya baka layi mai tsaunuka, kowane tsauni sinadari ne. A ƙwaƙwalwa ka riƙe lamba huɗu: kolin a 3.2, kiriyatin a 3.0, NAA a 2.0, laktet a 1.3. NAA alamar lafiyayyun ƙwayoyin jijiya ne. A ƙari mai girma da sauri tsaunin kolin ya hau, na NAA ya sauka, wani lokacin laktet ya leƙo. Yanzu ka san dalili ba sai ka haddace ba, ana ta gini da rushe tantani ne a wurin. Sai dai likitan hoto ba ya yanke hukunci da wannan kaɗai, dan kumburi da wasu cututtukan jijiya suma suna ɗaga kolin.

Haka PET, hoton da ake ɗauka bayan an sa wa mutum sinadari mai fitar da radiyeshin a jini. Wanda aka fi sani FDG ne, gulukos ne da aka liƙa wa fulorin-18, ya shiga ta GLUT1, hekzokainez ya sa masa fosfet, ya maƙale ba gaba ba baya, wurin ya haska. Akwai kuma kolin mai kabon-11 wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2012 dan neman kansar furostet da ta dawo. Kabon-11 minti 20 ne rabin rayuwarsa, fulorin-18 kuwa wajen minti 110, shi yasa na kabon sai asibitin da ke da injin haɗa shi a kusa.

Waye ke bada umarnin duk wannan

Canza biro. Umarnin ma daga tantani yake farawa, kuma wannan ne ke sa babin ya zama da'ira. Zana risefta da ya huda tantanin, ka rubuta EGFR ko HER2. Idan saƙon girma ya zo, sai PI3K, enzayim ɗin da Lewis Cantley da abokan aikinsa suka gano a 1988, ya je layin ciki ya ƙara fosfet akan wani kitse mai suna PIP2 ya zama PIP3. PIP3 ya jawo Akt zuwa tantani, Akt ya kunna mTORC1, shi kuma ya tada SREBP. SREBP ɗin nan Brown da Goldstein na Dallas ne suka gano shi a 1993, mutanen da suka ci Nobel a 1985 kan kolesterol. A kwance yake a tantanin ER, idan aka tada shi sai a kai shi Golgi a yanke shi, guntun ya shiga nukiliya ya kunna jin, wato ƙwayoyin gado, na ACLY, ACC, FASN, SCD1, HMGCR da riseftan LDL. Ja kibiya daga SREBP zuwa kowannensu a takardarka, zaka ga komai ya haɗe. Akt kuma yana ƙara shigar gulukos.

Birkin wannan hanya PTEN ne, an gano shi 1997, aikinsa cire fosfet ɗin nan daga PIP3 ya dawo PIP2. Idan PTEN ya ɓace, kamar yanda ake gani a kansar furostet, ta mahaifa da wasu na ƙwaƙwalwa, ko kuma jin ɗin PIK3CA, mai ƙera PI3K, ya sauya ya maƙale a kunne, kamar a kusan kashi 40 cikin 100 na kansar mama mai amsa homon, to umarnin ƙera kitse ba ya yankewa. Maganin alpelisib da aka amince da shi a 2019 wannan PI3K ɗin yake toshewa, kuma babbar matsalarsa hawan sukarin jini, wanda idan ka duba zanenka zaka ga dalili, insulin ma ta wannan hanyar yake aiki.

Sai Ras, wani furotin mai isar da saƙon girma cikin sel. Ras ba ya aiki sai ya liƙe a tantani, kuma abinda ke liƙa shi jelar fanesil ce, wadda ka rubuta a hanyar kolesterol. Masana sun ce to mu toshe enzayim ɗin da ke liƙa jelar mana, aka yi magunguna, aka kai su gwaji, amma basu yi aiki a KRAS ba, wani nau'in Ras, saboda idan an hana shi fanesil sai wani enzayim ya liƙa masa wata jelar daban. KRAS kuwa shine wanda ya sauya a sama da kashi 90 cikin 100 na kansar fankiriyas. Sai a 2021 aka samu sotorasib, shima nau'in sauyi ɗaya kawai yake kamawa, G12C.

Idan an toshe hanya, ina sel yake bi

Wanda ya gane zuwa nan zai ce to ai sauƙi ne, a toshe FASN a huta. An gwada, akwai denifanstat da ake ta gwaji da shi, amma har yanzu ba a samu wani mai toshe FASN da ya zama maganin kansa na yau da kullum ba. Dalilin ka zana shi da biro na uku a matsayin hanyoyin ratse. Sitiret zai iya fitowa daga gulutamin, musamman idan oksijin ya yi ƙasa. Asitil-CoA zai iya fitowa daga asitet ta ACSS2. A tsakiyar ƙari inda jini bai isa ba SCD1 ya tsaya saboda rashin oksijin, sai sel ya koma ɗaukar kitse mai lanƙwasa daga waje. Ƙwayoyin da Ras ɗinsu ya sauya har kurɓar ruwan da ke kewaye da su suke yi da tantaninsu, su narkar da albumin ɗin ciki, an nuna wannan a 2013 a dakin binciken Dafna Bar-Sagi a New York.

Misali biyu da ya kamata ka sani. Kansar ƙwan mace tana son bazuwa zuwa tantanin kitsen da ya lulluɓe hanji, kuma a 2011 ƙungiyar Ernst Lengyel a Shikago ta nuna ƙwayoyin kitsen wurin ne ke sakin kitsensu suna ciyar da ita. A 2017 kuma ƙungiyar Salvador Aznar Benitah a Basalona ta nuna cewa a kansar baki, ƙwayoyin da ke fara bazuwa suna ɗauke da CD36, ƙofar shigo da kitse, kuma toshe ta a ɓeraye ya rage bazuwar sosai. Ka kula da kalmar ɓeraye ɗin nan.

Inda tantanin yake da rauni, da inda yake da taurin kai

Jela mai lanƙwasa da yawa tana saurin lalacewa idan ta haɗu da ƙarfe da oksijin, lalacewar ta bi ta yaɗu har tantanin ya fashe. A 2012 Scott Dixon da Brent Stockwell a jami'ar Columbia suka sa wa wannan mutuwar suna ferotosis. Mai kare sel daga ita GPX4 ne, enzayim mai seleniyom da ke aiki da gulutatayon. Nan zaka gane wani amfanin ƙera kitse da kansa keyi, jelar da take ƙerawa miƙaƙƙiya ce ko mai lanƙwasa ɗaya, irin su kuwa ba sa saurin lalacewa, kenan tantanin ya fi juriya. An kuma lura wasu ƙwayoyin da suka jure kemo sun dogara da GPX4 ƙwarai, shi yasa ake ta bincike a wurin.

Taurin kan kuma famfo ne. A 1976 Juliano da Victor Ling a Toronto suka bayyana P-gilaikofurotin, wanda ke zaune a tantani yana kashe ATP yana watso magani waje, doxorubicin, paclitaxel, vincristine duk yana fitar da su. Wannan na daga cikin dalilan da kemo zai yi aiki da farko daga baya ya rage. Wani abu a gefe da nake so ku sani, miltefosine da ake maganin kala-azar da shi, cutar nan da ke addabar gabashin Sudan irin su Gadarif, asalinsa dan kansa aka ƙirƙire shi, kama yake da fosfolifid yana dagula hanyar Kennedy.

Gwada kanka

Kife takardar, ɗauko sabuwa, ka sake zanawa daga GLUT1 zuwa PC ba tare da leƙe ba. Sannan ka riƙa goge abu ɗaya kana faɗin abinda zai biyo baya da baki. Idan PTEN ya ɓace me zai faru da FASN? Idan oksijin ya ƙare wane enzayim ne zai fara tsayawa a hanyar jela, sel ya yi yaya? Me yasa ƙwaƙwalwa ke haskawa a FDG ko babu kansa? Idan kuna karatu a rukuni mutum ɗaya ya riƙe biro sauran su riƙa tambaya, yafi karatun shiru nesa ba kusa ba. Inda ka tsaya kana kame-kame nan ne zaka koma littafi, ba sai ka sake karanta babin duka ba.

Yanda zaka yi amfani da shi idan an turo maka saƙo ko akwai mara lafiya a gida

Wannan ɓangaren yafi min komai muhimmanci. Kullum ana yaɗa saƙo a WhatsApp da Facebook cewa kansa sukari take ci saboda haka a hana mara lafiya tuwo, shinkafa da mai, ta mutu da yunwa. Duba zanenka. Jiki ba ya barin sukarin jini ya ƙare, idan ba a ci ba hanta zata ƙera gulukos daga tsokar mutum, ƙari kuma ga hanyoyin ratse nan, gulutamin, asitet, kitsen jikin mai shi. Wanda zai rame shine mara lafiyan, kuma rama mai tsanani dama tana cikin abubuwan da ke kashe masu kansa, tana kuma hana su jure kemo da tiyata. Dan Allah a bar su su ci, ƙwai, wake, kifi, nama, madara, kunu, duk abinda ciki ya karɓa, sai dai in likita ya hana saboda siga ko ƙoda ko wani dalili. Maganar ƙiba tana ƙara haɗarin kamuwa da wasu kansa gaskiya ce, amma wannan maganar rigakafi ce ga mai lafiya, ba hujjar horar da mara lafiya da yunwa bace.

Duk labarin da kaga an ce an gano abinda ke kashe kansa, ka nemi amsar a ina aka gwada, a kwanon lab ne, a ɓera ne, ko a mutane, kuma wace irin kansa, sannan adadin da aka yi amfani da shi zai iya kaiwa jinin mutum ba tare da cutar da shi ba. Abubuwa da yawa suna kashe sel a kwano. Orlistat, maganin rage ƙiba, yana toshe FASN a lab, amma idan an sha kusan duka a hanji yake tsayawa ba ya shiga jini. Istatin ma kar wani ya je kemis ya saya da sunan maganin kansa.

Idan kuma an ciri nama daga mama an kai lab, ku tambayi likita ko an yi gwajin ER da PR, wato riseftan homon, ba ER ɗin can na sama ba, da kuma HER2, dan shi ke nuna irin maganin da zai dace. HER2 furotin ne na tantani, shi yasa a madubin lab launin ke fitowa kamar zobe kewaye da sel. Ana samunsa da yawa a kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kansar mama, kuma trastuzumab da aka fara amfani da shi a 1998 shi yake kamawa ta waje. A takardar sakamako zaka ga 0, 1+, 2+ ko 3+. 3+ yana nufin akwai shi da yawa, 0 da 1+ ba a lissafa su a masu HER2 da yawa, 2+ kuwa tsaka-tsaki ne, sai an ƙara gwajin FISH ko makamancinsa kafin a yanke, saboda haka idan kuka ga 2+ ku tambayi likita inda za a kai naman dan wannan gwajin na biyu, kuma ku riƙe kwafin duk sakamakon a fayil ɗaya ku riƙa zuwa da shi duk ranar ganin likita.